Amshin waƙa ya maƙale mini a kai, har cikin salla: amsa ga wata tela a Garin Malam

"Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a unguwar Garin Malam nan Damagaram, kuma ina zuwa Islamiyyar matan aure da yamma. Tun wani biki da muka yi mako biyu da suka wuce, amshin wata waƙa ya maƙale mini a kai. Ina taka keke yana nan, ina wanke-wanke yana nan, wani lokaci har a cikin salla sai in ji yana juyawa, alhali ni waƙar ma ba ta burge ni ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, aya uku sai in kwana biyu ina fama ban riƙe ba, amma wannan waƙa da ban taɓa zama na koya ba ta zauna daram. Maƙwabciyata ta ce in nemi ruƙiyya. Shin ciwo ne, ko shafar iska, ko raunin imani? Kuma yaya zan rabu da ita?"

Wa alaikumus salam, Malama. Na karanta tambayarki sau biyu, kuma na ga cewa abin da ya tayar miki da hankali ya wuce waƙar kanta. Kina so ki san abin da ke juya ta a kanki ba da izininki ba, kina so ki san dalilin da ya sa ta shige cikin sauƙi alhali hadda tana ba ki wuya, sannan kina neman hanyar fita. Ni malamin ilimin halayyar ɗan Adam ne, kuma na yi ƴan shekaru ina taimaka wa masu tsara gajerun waƙoƙin faɗakarwa na kiwon lafiya da ake sawa a rediyo, wato na taɓa zama da gangan ina ƙoƙarin ƙera irin abin da kike kuka da shi. Bisa abin da kika bayyana, wannan ba ciwo ba ne, aikin ƙwaƙwalwa ne mai lafiya, kuma kusan kowa yana fama da shi.

Jamusawa ne suka fara raɗa wa abin suna, da wata kalma da ke nufin tsutsar kunne, daga baya Turawan Ingila da Amurka suka ara. Sunan ne kawai, babu wata tsutsa a kunnen kowa. A farkon shekarun 2000 wani malami a Jami'ar Cincinnati ta Amurka, James Kellaris, ya tambayi ɗaruruwan ɗalibai, kashi 98 cikin 100 suka ce abin yana samunsu. A ƙasar Finlan kuma Lassi Liikkanen ya tambayi mutum sama da 12,000, ya tarar kusan tara cikin goma suna jin waƙa tana juya musu a kai aƙalla sau ɗaya a mako. Akasarin mutane ba su damu da shi ba, wasu ma daɗinsa suke ji, shi ya sa ba ki cika jin ana zancensa ba. Da za ki tambayi matan ajinku na Islamiyya ɗaya bayan ɗaya, ina kyautata zaton har maƙwabciyar taki za ta amsa cewa ta san abin.

Abin da ke faruwa a cikin kai

A shekarar 2005 wasu masu bincike a Kwalejin Dartmouth ta Amurka suka sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka kunna musu waƙoƙi, sai su riƙa yanke sautin na ƴan daƙiƙu ba tare da sun sanar da su ba. Idan waƙar sananniya ce ga mai sauraro, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kula da ji ba ya yin shiru a lokacin yankewar, ci gaba yake yi da aiki, kuma mutanen suka ce sun ji waƙar ta zarce a cikin kansu. Ma'anar wannan ita ce ƙwaƙwalwa ba ta jiran kunne ya kawo mata sauti, tana hasashen abin da zai biyo baya, tana kuma iya rera shi da kanta. Ke ma kin san haka ko babu na'ura: idan wuta ta ɗauke a tsakiyar waƙar da kika sani, bakinki ne ke ƙarasa baitin.

Akwai kuma wata ƴar murya ta cikin zuci da kowa ke amfani da ita wajen riƙe magana na ɗan lokaci. Ita ce kike sawa aiki idan kin auna mace, kina nanata "ƙugu 78, tsawo 105" a ranki har ki kai ga littafin awo. Masana biyu ƴan Ingila, Alan Baddeley da Graham Hitch, su ne suka kawo bayanin wannan ma'ajiya ta ɗan lokaci a 1974, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa abin da take ɗauka bai wuce maganar daƙiƙa biyu ba, sai an yi ta maimaitawa kafin ya tsaya. Amshin waƙa ta wannan ƙofa yake kamawa. Gajere ne, kuma an gina shi yadda ƙarshensa zai miƙa ki ga farkonsa, domin aikin ƴan amshi ke nan tun asali: su karɓa, su ajiye wa mawaƙi wuri, su sake karɓa. A filin biki mawaƙi ne ke kawo sabon baiti ya raba amshi da amshi. A cikin kanki babu shi, saboda haka amshin sai ya karɓi kansa da kansa. Shi ya sa da wuya ki ji wanda waƙa ta maƙale masa daga farko har ƙarshe, kullum ɗan guntu ne na daƙiƙa 15 zuwa 30 yake zagayawa.

Sana'arki ma tana da hannu a ciki. Wanda ya ƙware a ɗinki, ƙafa ce ke taka keke, hannu yana tura yadi, ido yana bin layi, amma muryar cikin zuci zaune take babu aikin yi. Ira Hyman na Jami'ar Western Washington ya nuna a 2013 cewa waƙa ta fi kutsowa lokacin da aiki ya yi sauƙi ƙwarai har hankali ya tafi yawo, ko kuma ya yi tsauri har mutum ya gaji ya saki. Wanke-wanke, shara, daka, tafiya a ƙasa zuwa Kasuwar Dole, jiran layi a famfo, duk irin wannan lokaci ne. Ƙarar keken ɗinki kuwa tana da bugu daidaitacce kamar kiɗa, waƙa tana samun abin hawa. Sannan ƙaramin abu ya isa ya tayar da ita: kalma ɗaya daga bakin mai kawo ɗinki, ƙamshin turaren wutan da aka sa a wajen bikin, ko ƙyallen ankon da na tabbata ke kika ɗinka wa wasu, wanda ragowarsa ke nan zube kusa da ƙafarki. Ki duba, ba mamaki idonki yana sauka a kansa sau da yawa a wuni.

Kin koye ta, ba ki dai sani ba

A nan ne nake so in ɗan ja da ke, domin kin ce ba ki taɓa zama kin koyi waƙar ba. Mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce amshin yana dawowa sau 10 a cikin waƙar, a ce kuma mai kiɗan bikin ya sa ta sau 10 a wuni, ga kamu, ga wuni, ga kai amarya, kwana uku ke nan. Kin ji amshin sau 300 tun ba a sa lissafin salular ƴan mata da ke ɗakin amarya ba, da wanda ya biyo baya a WhatsApp, da na mai kabu-kabun da ya mayar da ke gida. Kin ji shi kina cikin farin ciki, cikin dangi, ana guɗa, jiki yana motsi, kuma abin da ya shiga tare da motsin rai ya fi zama. Yanzu ki faɗa wa kanki gaskiya, sau nawa kika maimaita ayoyin nan uku? Wataƙila sau 20 ne, da yamma, bayan kin wuni a kan keke, yara suna kiranki. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya, kuma waƙar ta samu yau da goben da ayoyin ba su samu ba.

Akwai kuma bambancin abin da ake nema daga gare ki. Hadda tana bukatar kowane harafi da wasalinsa a wurinsa, da jerin ayoyi yadda suke, babu ragi babu ƙari. Waƙar kuwa layi ɗaya ko biyu kika riƙe, kuma da za a ce ki rubuta kalmominta, ina ganin za a tarar da kin musanya wasu, wasu kuma sautinsu kawai kike bi. Saboda haka kwatancen da kike yi tsakanin su biyun ya zalunci ƙwaƙwalwarki.

Game da irin waƙar da ta fi kamawa, Kelly Jakubowski da abokan aikinta a Ingila sun tattara amsoshin mutum 3,000, suka wallafa sakamakon a 2016. Sun tarar waƙoƙin da suka fi maƙalewa suna da ɗan sauri, karinsu yana bin sananniyar hanya ta hawa da sauka irin ta waƙoƙin yara, amma da ɗan wani tsalle na ba-zata a wani wuri. Na ga gaskiyar wannan da idona. Wata shekara gabanin damina aka ba mu aikin waƙar gidan sauro. Rubutun farko da muka yi yana da baiti shida, kowane baiti cike da bayani, har da yadda za a shanya gidan sauron a inuwa kafin a rataya. Muka rera wa yaran unguwa a ƙofar gida, suka saurara cikin ladabi suka watse, babu wanda ya tafi da ko kalma ɗaya. Wani tsohon makaɗin kalangu da ke cikinmu ya ce mu zubar da biyar, ya ɗauki layi ɗaya mai kalma bakwai, ya juya jerin kalmomin har hawa da saukar muryar magana suka dace da karin, ya sa tafi biyu a inda ba a zata ba, ya bar ƙarshen a rataye kamar tambaya. Washegari na ji wata yarinya mai tallar ƙosai tana rera shi, ta cire gidan sauro ta sa ƙosanta a wurin. Ni kaina na yi kusan kwana goma ina tashi da shi, har matata ta roƙe ni in daina yi mata shi a kan tuwo.

Abin da tsohon nan ya yi yana da tushe a harshenmu. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da muryarta ta sama ko ta ƙasa, kuma gaɓoɓinmu sun kasu masu nauyi da marasa nauyi. Gwanin waƙa yakan sa karin waƙarsa ya bi karin maganar, saboda haka kalmomin suna tuno da sautin, sautin yana tuno da kalmomin, ko wanne kika taɓa sai ya jawo ɗan'uwansa. Ƴan talla, da yaran tashe a watan azumi, da mawaƙan siyasa lokacin yaƙin neman zaɓe, duk da wannan suke aiki ko ba su taɓa jin sunan wani bincike ba. Malamanmu na da ma sun san shi, shi ya sa suka tsara nahawu da fiƙihu da tauhidi cikin baitoci don ɗalibi ya riƙe, kuma shi ya sa har yau yaran lakwal ke rera jadawalin ninkawa da murya ɗaya. Ban daidaita Alƙur'ani da waƙa ba, Allah ya kiyaye, amma baiwar da ke riƙe sauti da jerinsa guda ɗaya ce a kan ɗan Adam, ita ce gardi ke dogara da ita yana tilawa cikin dare babu allo a gabansa. Wadda amshi ya zauna mata haka daram, wannan baiwar tata lafiya lau take. Ki ba ayoyin abin da waƙar ta samu: ki saurari makaranci ɗaya, aya ukun nan kaɗai, su yi ta dawowa a salularki kina ɗinki, ki bi shi da baki, ki sake kafin barci da bayan asuba.

Maganar salla

Hukuncin salla na malaman addini ne, kuma ina ba ki shawara ki kai wa malamarku ta Islamiyya wannan ɓangare. Abin da zan iya tuna miki shi ne hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su furta ba ko su aikata. Damuwar da kike yi ma shaida ce cewa sallar tana da girma a wurinki.

Ta fuskar ilimina kuwa, babban kuskuren da mutane ke yi shi ne kokawa da waƙar. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya ce wa wasu mutane su yi minti biyar kada su tuna wata farar dabba ta ƙasashen ƙanƙara, duk wanda ya tuna ya buga ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa, kuma da aka sake su daga hanin, sai tunanin ya dawo musu fiye da na waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Dalili shi ne, kafin ki tabbatar ba ki tuna abu ba, dole wani sashe na hankalinki ya riƙa leƙawa ko ya dawo, leƙen nan kuwa shi ne kiransa. Idan kika kabbara kina cewa a ranki "yau kada ta zo", kin riga kin buɗe mata ƙofa. Abin da ya fi shi ne ki cika muryar cikin zucin da aiki, domin ba ta iya ɗaukar abu biyu a lokaci guda. Ki motsa harshe da leɓe sosai a karatunki, wanda dama malamanmu na Malikiyya suna cewa karatun asirce sai da motsa harshe. Ki rage sauri, ki bi ma'anar abin da kike karantawa gwargwadon saninki, kuma maimakon gajerun surorin da bakinki ke zubowa ba tare da hankali ba, ki riƙa sa sababbin ayoyin da kike haddacewa, tunda su sai kin tsaya a kansu. Idan amshin ya leƙo, ki bar shi ya wuce kamar hayaniyar titi, ki koma inda kike.

A wajen salla akwai wata dabara mai ban dariya da aka gwada. Philip Beaman na Jami'ar Reading a Ingila ya nuna a 2015 cewa taunar cingam tana rage yawan dawowar waƙa, saboda gaɓoɓin da ke tsara motsin baki wajen tauna su ne ake ara wajen rerawa a zuci. Ragewa take yi, ba ta kashewa. A ganina aswaki ko ɗan goro za su iya yin kusan wannan aiki, sai dai goro yana hana barci, kada ki ci da dare. Hira da mutum, ko sauraron labarai da wasan kwaikwayo a rediyo lokacin ɗinki, sun fi shiru amfani a nan, tunda magana ce ke korar magana. Wasu kuma sukan samu sauƙi idan suka saurari waƙar tun daga farko har ta ƙare, bisa tunanin da ya samo asali daga aikin wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Bluma Zeigarnik, na 1927, cewa abin da aka bari a rataye ya fi damun rai. Hujjar wannan ba ta da ƙarfi sosai, na ga waɗanda ya yi wa aiki, na ga kuma waɗanda ya ƙara wa wuta, kuma tunda ba ki son waƙar ban ga dalilin da zai sa ki nemo ta ba. Kada kuma ki kwanta da kiɗa a kunne, domin binciken Michael Scullin na Jami'ar Baylor a 2021 ya danganta sauraron kiɗa dab da kwanciya da waƙar da ke tashin mutum cikin dare da kuma barci marar nauyi. Gajiya da ƙarancin barci da damuwa su ne takin wannan abu.

Batun ruƙiyya, babu wanda zai hana ki karanta wa kanki Alƙur'ani da addu'o'in tsari, alheri ne a kowane hali. Abin da nake jiye miki shi ne a tsorata ki a ce an shige ki, ki kashe kuɗin ɗinkinki, ki koma kina sauraron kanki dare da rana kina jiran alama, wanda shi ne ainihin abin da ke ciyar da waƙar.

Inda abin ya wuce wannan bayani

Binciken da na ambata duk a kan Turawa da Amurkawa aka yi shi, da waƙoƙinsu, akasari kuma ɗaliban jami'a. Abin da na faɗa game da waƙar Hausa daga aikina da lurata ya fito. Haka kuma ba a duba marar lafiya ta wasiƙa, saboda haka ga iyakar da za ki lura da ita. Waƙar da ta maƙale, mai ita ya san a cikin kansa take. Idan mutum ya fara jin sautin kamar daga waje yake zuwa, har yana waiwaye yana neman inda aka kunna, wannan wani abu ne daban. An taɓa kawo mini wani dattijo daga Birni, wanda ya yi wata uku yana jin busar algaita da tsakar dare, yana tayar da jikokinsa su leƙa ko wani abu ake yi a fada. Iyalinsa sun ɗauka taɓin hankali ne. Da muka zauna na lura sai na ɗaga murya yake amsawa, kuma yana karkato da kunnen hagu. Na tura su wajen likitan kunne, aka tarar jinsa ya ragu ƙwarai, ƙwaƙwalwar da ta rasa sautin waje ce take cike gurbin da abin da ta adana tun ƙuruciya. Hankalinsa garau yake.

Haka nan idan ƙara ce kawai kamar kukan gyare ko shuuu a kunne, wannan matsalar kunne ce, kuma wasu magunguna irin su kinin na zazzaɓin cizon sauro suna kawo ta. Idan kuma tare da waƙar akwai waswasi mai tsanani, kina sake alwala sau da yawa, kina yanke salla kina sakewa, ko wasu tunane-tunane marasa daɗi suna cin awoyi a wuninki, to akwai ciwon da ke zuwa da wannan sifa kuma yana da magani. Jin muryoyi suna magana da ke, ko ciwon kai sabo mai tsanani, ko suma da farfaɗiya, duk ba na jira ba ne.

Ba ki ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mako biyu ya ɗan yi tsawo, domin yawanci cikin awoyi ko ƴan kwanaki abin ke wucewa, amma ga wadda ta sha waƙar kwana uku a jere, sannan ta yi ta kokawa da ita cikin tsoro, bai ba ni mamaki ba. Ki kwashe ragowar ankon daga gabanki, ki gwada abin da na faɗa na mako biyu. Idan wata guda ya cika tana nan da ƙarfinta, ko ta fara hana ki barci, ki je likitar unguwarku su duba ki, in da bukata su tura ki babban asibiti, kuma ki tafi da sunayen duk magungunan da kika sha a ƴan kwanakin nan.